Ƙarfen Bappa Haladu

Akwai wata firamare a Bekaji, cikin Jimeta, inda ba a buga ƙararrawa sai an yi gargaɗi. Duk sabon malamin da aka turo can sai ya yi sororo a ranarsa ta farko, domin zai ga yaro ya fito ya tsaya a gindin bishiyar dogon yaro, ya ɗaga murya ya ce, “Za a buga.” Sai ya ƙirga biyar a zuci, sannan ya buga. Wani malamin lissafi da aka kawo daga Ganye bara ya ce shi a iya saninsa ƙararrawa ita ce shela, yin shela kafin shela kuwa tamkar mutum ne ya tako har gidanka don ya gaya maka zai zo. Aka yi dariya, aka ce ya bari sai ya ji labarin Bappa Haladu.

Haladu ɗan maƙera ne. Kakansa ya zo Jimeta daga ƙasar Kano da guduma da zugazugi, ya ce damina ɗaya zai yi ya koma, ga kabarinsa nan har yau bai koma ba. Uban Haladu ya gaji maƙera, ya kuma so ɗansa ya gaje shi, amma yaron idonsa na bakin titi. Yana da shekara goma sha bakwai ya liƙe wa wata babbar mota mai jigilar kaya tsakanin Yola da Mubi, ya zama yaron mota. Ya shekara goma sha tara a haka bai zama direba ba. Ba rashin kai ba ne. Duk sanda aka ba shi sitiyari sai wani labari ya faɗo masa, shi kuwa bai iya ba da labari da hannu ɗaya ba. Ranar da motar ta kwanta a wata kwana kusa da Song ba shi ke tuƙi ba, kuma yana so a riƙa faɗin haka. Ya fito da abu biyu: gwiwar hagu wadda ta fi gidan rediyo sanin ranar da za a yi ruwa, da wili ɗaya, wato ƙarfen da ake ɗora taya a kai, wanda maigidansa ya ba shi a matsayin sallama.

Da wannan wilin ya shiga aikin gwamnati. Bayan ya ɗan taɓa faci a bakin hanya, aka sama masa aikin gadi da masinja a firamaren, ya tarar ƙararrawar hannun da suke da ita harshenta ya cire, ana tara yara da tafi kamar kaji. Washegari ya gangaro da wilinsa tun daga gida, ya rataye shi a reshen dogon yaro da sarƙa, ya ɗauko wata tsohuwar sifana ya gwada. Tantabarun unguwa suka tashi gaba ɗaya. Nan take ya raɗa masa suna Alƙali, ya ce in ya yanke hukunci babu mai musu.

Kowane lokaci da irin bugunsa. Na asambili uku-uku ne har sau uku. Na fita tara biyu ne kawai, a gaggauce, don ya san cikin yara ba ya son dogon bayani. Na tashi kuwa nan yake zuba gwaninta, ya fara a hankali, ya hau sama, ya sauko, ya ƙare da wani ɗan kwalliya da ya ce a garejin Mubi ya koyo. Akwai kuma na huɗu wanda ba a cika ji ba: bugu ba tsayawa, na gobara, ko maciji, ko ɓatan yaro. In an ji shi, kowa ya fito fili ya shiga layi a ƙirga.

Ba makarantar kaɗai ke rayuwa da Alƙali ba. Mai ƙosan bakin ƙofa da shi take ɗora mai. Masu keken da ke kwasar yara da shi suke barin majalisa. Wani tsohon ma'aikacin gidan waya, ɗan fansho, da bugun tara yake shan maganin hawan jini. Haladu ya san duk wannan, kuma in ana faɗa a gabansa yakan sunkuyar da kai irin na mai kunya, yana kasa kunne kada a manta wani.

Yara Bappa suke ce masa, kamar yadda ake kiran ƙanen uba a nan. Bai taɓa riƙe bulala ba. Wanda ya makara zai tsaya a gaban bencinsa ya kawo dalili, shi kuma ya auna. In ƙaryar ta tsaru yakan buɗe ƙofa, ya ce aƙalla yaron ya yi aiki da kansa tun da safe. In ba ta tsaru ba sai ya ce a koma gefe a sake shiri. Wanda ya faɗi gaskiya, ko da ita ce barci ya kwashe shi, shi ne ke samun gyaɗa daga aljihun Bappa. Daga waɗannan dalilai ya san gidan da ba a ɗora tukunya da safe, da gidan da aka kwana ana faɗa, ya kuma san malamin da ya kamata a raɗa wa a kunne.

Hedimasta Apollos mutumin Numan ne, dogo, mai son guga da son doka. Yana da bulala a kan tebur, amma ta fi yin aikin nuna taswira. Abin da ake tsoro shi ne baƙin littafinsa na laifi, wanda in sunanka ya shiga ba ya fita. Yana kiran Haladu Alhaji ko da yake mutumin ko filin jirgi bai taɓa shiga ba, Haladu kuma yana ce masa Oga. Hedimasta ya daɗe yana zargin agogon Haladu da yin sauri ranar Juma'a. Haladu ya ce in agogon coci ne da ranar Lahadi zai yi saurin, to laifin wa?

A haka aka zo ƙarshen daminar 2014. 'Yan Boko Haram suka shiga Michika, bayan 'yan makonni suka shiga Mubi, mutane suka kwararo Yola a ƙafa, da bayan tifa, da duk abin da ke da taya. Babu gidan da bai yi baƙi ba. Ajin da ke da yara arba'in ya koma tamanin, har kan taga ana zama. A kwanakin nan in yaro ya yi minti goma ba a san inda yake ba, zuciyar uwarsa ta gama zuwa lahira ta dawo. Don haka taron iyaye da malamai ya yanke abu biyu. Na farko, a riƙa ƙirga yara ba zato ba tsammani da bugun nan na huɗu, don a saba. Na biyu, duk yaron da ya tsallake katanga sau uku a mayar wa iyayensa shi, makaranta ba za ta iya da shi ba.

Cikin baƙin akwai Virtue, 'yar shekara tara, siririya, daga wani ƙauye a gindin duwatsun Michika. Maƙwabta ne suka taho da ita suka damƙa ta ga ƙanwar babanta, Goggo Lilian, mai sayar da tumatir, wadda ta daɗe a Jimeta. Uwar ta tsallaka Kamaru da jariri, uban kuwa babu labari. Aka sa ta aji uku wajen Malama Naziha. Yarinya ce da ba ta magana, rubutunta kamar na inji, tana share aji ba a sa ta ba. Aibinta ɗaya: da an buga tara sai ta shige ƙarƙashin benci, sai an jawo ta. Yara suka sa mata suna Ɓera. A lokacin tashi kuwa kowa gudu yake, shi ya sa ba wanda ya lura nata gudun daban ne.

Ranar ƙirgar farko Hedimasta ya ɗaga wa Haladu hannu daga baranda, Haladu ya gyara tsayuwa ya saki Alƙali. Yara suka yi layi, aka ƙirga, aji uku babu mutum ɗaya. To, dokar ɓatan yaro a bayyane take: a ci gaba da bugawa har wanda ya ɓata ya ji ya dawo. Haladu ya tuɓe hula, ya naɗe hannun riga, ya yi ta bugu kusan kwata na awa, har gumi ya jiƙa masa baya. A ransa yana cewa ko yarinyar ta kai bakin Binuwai sai ta ji. Sai bayan azahar wani mai keke ya gano ta can bayan unguwa, a tsugune a kan tulin tsakuwar da wani ya zube zai yi gini. Ashe katanga ta tsallake. Sunanta ya shiga baƙin littafi.

Bayan kwana tara aka sake ƙirga, aka sake rasa ta, Haladu ya sake bugawa, wannan karon har ya fi na farko, don yana ganin wancan bai isa ba. Aka same ta a saman ƙarfen tankin ruwan wani gida, inda ko magina ba sa hawa sai da addu'a. Goggo Lilian ta bar tumatirinta a rana ta zo ta durƙusa a ofis. Ta ce ita ba ta san abin da ya faru a ƙauyen ba, yarinyar ba ta taɓa faɗa ba, kuma in aka kore ta sai dai ta zauna gindin tire a kasuwa. Hedimasta ya ɗaga ta, ya ba ta kujera, amma ya nuna mata littafin. Biyu sun shiga, saura ɗaya. Da ta fita ya dubi Haladu, ya ce da Hausarsa wadda ba ta damu da mace ko namiji ba, “Alhaji, wannan yarinya zai kashe ni.” Ya ce daga yau in an fita tara a bencin gadi za ta zauna, a gaban idon Haladu.

Haladu bai iya zama da mutum shiru ba, ko da mutumin ya zaɓi shirun. Ya ba ta gyaɗa, ta karɓa da hannu biyu. Ya ba ta labarin akuyar da ta hau motarsu a Gombi ba a gane ba sai a Hong, da direban da ke gaisawa da kowace gada. Ba ta yi dariya ba, amma ba ta kau da kai ba. A rana ta huɗu ya tambayi sunan ƙauyensu, ta faɗa ƙasa-ƙasa. Ashe ya san wurin. Sun taɓa wuce Mubi da kaya suka yi faci a can, ya sha kunu a gindin wata tsamiya kusa da coci, kuma ya tuna akwai wili rataye a tsamiyar. Sai halin ya motsa. Ya ce nasu ai ɗan ƙarami ne, na a-kori-kura, ba ya kama ƙafar Alƙali.

“Babana ne yake bugawa,” in ji Virtue.

Haladu ya ce to lalle babanta babban mutum ne, don ba kowa ake ba wa ƙarfe ba.

“Ya ce in mun ji ana bugawa ba tsayawa, mu gudu mu hau dutse. Kar mu waiwaya. Kar mu sauko sai ya zo da kansa.” Ta dubi gyaɗar da ke hannunta. “Muna kan dutse muna jin shi. Sai ya daina.”

Haladu ya daɗe yana kallon tafin hannunsa na dama, inda sifana ta yi masa kanta. Tulin tsakuwa. Tankin ruwa. Jimeta ba ta da dutse a kusa, yarinya ta nemi abin da ya fi tsawo ta hau. Shi kuma yana nan gindin bishiya, ya tuɓe hula, yana ƙara mata gudu da duk ƙarfin da Allah Ya ba shi, har yana jin daɗin kansa. Lokacin komawa aji ya yi, ya wuce da minti shida, Alƙali bai yi magana ba.

Hedimasta ne ya fito yana nuna agogo. Haladu ya ja shi cikin ofis, ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

“Oga, wadda ka rubuta a littafin nan ta fi kowa biyayya a makarantar nan. Umarnin ubanta take bi. Mu ne muke ba ta umarnin.”

Da ya gama bayani, Hedimasta ya cire tabarau ya ajiye. Su ma a cocin garinsu wili ake bugawa. Ya ce ƙirga da bugu an daina daga yau, malamai su riƙa kiran rajista a aji. Amma makaranta mai yara ɗari tara ba ta tafiya babu ƙararrawa, kuma abin da ya shiga littafi da yawun iyaye ya shiga, ba shi da ikon gogewa. In ta sake tsallake katanga, ko mene ne dalili, hannunsa a ɗaure yake. Haladu ya ce to a ba shi zuwa ƙarshen zango, shi zai zama ƙararrawar. Hedimasta ya dubi gwiwar, ya dubi mai gwiwar, ya ce Allah Ya ba da sa'a.

Haka Bekaji ta wayi gari shiru. Lokaci na yi sai Haladu ya tashi da ɗingishinsa, ya bi aji-aji, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama ya ce lokaci ya yi. Ajujuwa goma sha huɗu ne. Kafin ya kai aji shida, 'yan aji ɗaya sun cinye ƙosai sun sha ruwa. Manyan yara suka kai ƙara, sai ya koma farawa daga sama ran Litinin, daga ƙasa ran Talata. Wani malami mai son dogon bayani ya gano cewa ƙararrawa mai ƙafa ana iya ce mata ta ɗan jira. Masu keke suka riƙa makara. A kwana na uku tsohon ɗan fanshon nan, da ya daina jin bugun, ya ɗauka Haladu ya rasu, ya sa babbar riga ya zo gaisuwar mutuwa, ya tarar da mamacin a kan benci yana ɓare gyaɗa. A gida, matarsa Surayya tana shafa masa man zafi a gwiwa tana cewa shekara ashirin tana roƙon ya rage ƙara a duniya bai ji ba, sai da 'yar shekara tara ta zo.

Amma Malama Naziha ta zo masa da wani labari. Ba Virtue kaɗai ba ce. Akwai yaron da kullum bayan tara sai ya nemi wanda zai mara, ya daina. Akwai 'yan biyun da ke jiƙa wando, an ɗauka ƙazanta ce, sun daina. Da ta ƙirga a sauran ajujuwa, yara goma sha ɗaya ne, duk daga can sama suka zo, kuma rabinsu sunansu na cikin baƙin littafi da laifi iri-iri. Hedimasta ya karɓi sunayen ya shiga ofis, ranar ba a ga ya fito duba farce ba.

Haladu dai hankalinsa bai kwanta ba. Wata rana bayan an tashi ya hango Virtue a bakin titi, wani mai faci yana dukan wili zai cire taya, ta ƙame wuri ɗaya kamar an dasa ta, keke na ta yi mata hon. Jimeta gari ne na ƙarfe. Ko ya rufe bakin Alƙali har abada, ba zai rufe na masu faci da masu walda da maƙera ba. Kuma zango na ƙarewa.

Sai ya tuna ubansa. Yana ƙarami, in aka kai shi maƙera, kowane bugu sai ya zabura ya fashe da kuka. Tsohon bai kore shi ba, bai kuma dake shi ba. Ya ƙera masa 'yar guduma ya sa masa a hannu, ya ce ƙarar da ta fito daga hannunka ba ta firgita ka. Kuma duk sanda zai sauke babbar guduma sai ya yi wa mai riƙe awartaki magana tukuna, don kada bugu ya zo wa mutum ba shiri. Haladu ya gudu daga maƙera shekara arba'in da suka wuce, ashe maƙerar ba ta gudu daga gare shi ba.

Ya sauke Alƙali daga bishiya ya kwantar da shi a kan yashi kusa da benci, ya ce wai tsatsa zai kankare. Ya yi kwana biyu yana gogewa yana ƙorafin ciwon baya, da ƙarfi yadda za a ji. A na uku Virtue ta karɓi tsumman. Da aka gama gogewa ya ba ta totuwar masara ya ce ta gwada masa ko akwai tsaga, amma ta faɗa masa kafin ta buga, don shi tsoho ne, zuciyarsa ba ta son ba-zata. Ta ce, a hankali, za a buga. Ƙarfen da ke kwance a yashi, an buge shi da totuwa, ƙararsa ba ta fi ta faɗuwar mangwaro ba. Haladu ya dafe ƙirji ya ce saura kaɗan ya suma. A nan ne aka fara ganin haƙoranta.

Daga totuwa aka koma muciya. Surayya ta yi mako guda tana neman muciyarta, har ta fara zargin maƙwabta, mijinta na taya ta mamakin halin mutanen yanzu. Daga nan aka mayar da Alƙali bishiya, an naɗe shi da tsohuwar robar cikin taya, ana warware robar kaɗan-kaɗan. Sauran yaran goma sha ɗaya suka fara zagayowa, kowa na son a ba shi muciya. Yaron nan mai mari ya zama mai tsara layi, kuma ya tsara shi da adalci, don ba mai son musu da shi.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe Hedimasta ya ce alƙawari ya cika, yau Alƙali zai koma aiki. An bi aji-aji an gaya wa yara za a buga tara, kuma Virtue ce za ta buga. Haladu ya cire sauran robar, ya miƙa mata sifana. Sai da ta sa hannu biyu. Hedimasta na tsaye a baranda, baƙin littafi a hammata, don ko'ina da shi yake zuwa. Malamai sun leƙo ta taga.

Ta ce za a buga. Ta ƙirga biyar. Ta buga.

Alƙali ya yi makonni bai yi magana ba, ya saki murya gaba ɗaya. Tantabaru suka tashi, Virtue ma ta tashi. Kafin Haladu ya ƙifta ido ta ratsa fili, sifana a hannu, ta nufi bayan aji shida inda bulo biyu suka zube daga katanga. Ta kai. Ta ɗora hannu ɗaya a kan katangar, ta sa ƙafa a ramin bulo.

Haladu ya san ko da gwiwa biyu ba zai kamo ta ba, balle da ɗaya da rabi. Ya kuma san in ya yi ihu ya gama da ita. Sai ya zauna a kan bencinsa, ya ɗaga murya daidai yadda za ta ji, irin muryar da yake tambayar 'yan makara dalili.

“Mai ƙararrawa, tara biyu ce. Kin buga ɗaya. Mutum ɗari tara na jiran ɗayar, ga ƙosai yana hucewa.”

Ƙarar ƙarfen ta yi ta raguwa har ta mutu. Babu abin da ya biyo bayanta. Wata akuya ta yi kuka a waje, mai ƙosai tana kwashewa daga mai. Yarinyar ta tsaya a haka, ƙafa ɗaya a sama, tana kallon sifanar da ke hannunta kamar yanzu ta fara ganinta. Sannan ta sauke ƙafar. Ta tako fili a hankali, ita kaɗai, duk makaranta na kallo. Da ta iso gindin bishiya ta dubi Haladu, ta ce, “Bappa, za a buga.” Ya ce ya shirya. Ta buga na biyu, ta tsaya a wurin har ƙarar ta ƙare, yara suka ɓarke daga ajujuwa suka wuce ta ta kowane gefe.

Da aka tambayi Hedimasta daga baya, ya ce shi lokacin yana goge tabarau, bai ga komai ba, kuma a iya saninsa cikin katanga cikin makaranta ne. Ya buɗe baƙin littafi a shafinta, a ƙarƙashin laifi biyun ya rubuta cewa an naɗa ta mai ƙararrawa. Shi ne karo na farko da abin kirki ya shiga littafin, kuma da ƙofa ta buɗu wasu suka biyo.

Uwar Virtue ta dawo daga Kamaru bayan shekara guda. Uban ba a same shi ba. Virtue ta riƙe sifana har ta gama aji shida, kuma daga kanta al'adar ta zauna: ba a ba wa wanda ya fi ƙoƙari ƙararrawa, sai wanda ya fi tsoro, ko wanda ya fi fitina, wanda sau da yawa in an bincika mutum ɗaya ne. Haladu ya yi ritaya ya koma Namtari, yana noman gyaɗa da masara a gonar dangin Surayya, yana gaya wa maƙwabta ranar da za a yi ruwa ko ba su tambaya ba. Alƙali ya bar wa makaranta. Sifanar ma ya bari, bayan ya yi mata doguwar nasiha.

Bana aka turo ɗaliban kwalejin horon malamai gwajin koyarwa, cikinsu har da wata siririya da ta roƙa a kai ta Bekaji. Ta aika wa Bappa saƙo ya zo ranar Alhamis kafin tara, ya ga sabon mai ƙararrawar da ta zaɓa, wani ɗan aji biyu da ya ciji mutum uku a zangon farko. Haladu ya sa farar riga ya hau keke tun da hantsi, amma ya haɗu da wani tsohon direba a hanya, labari ya faɗo. Da ya iso an daɗe da komawa aji. Ya tarar da ita a bakin ƙofa, ta harɗe hannu, alli a yatsunta.

Ta ce ya makara, ya kawo dalili.

Ya ce shanu ne suka tare gada, kuma da ya ƙirga su sai ya ga babu ɗaya, ya tsaya a nemo ta.

Malama Virtue ta auna, ta girgiza kai. “Ba ta tsaru ba, Bappa. Amma shigo, ka zauna a bencinka. An kusa tashi, kuma yaron bai iya kwalliyar ƙarshen nan ba. Na ce masa mai ita na zuwa.”